Research In Motion: Kamfanin BlackBerry, Shugabanninsa da Shari'unsa

Research In Motion, wanda aka fi sani da RIM, kamfanin fasahar sadarwa ne na ƙasar Kanada, kuma shi ne ya ƙera wayoyin BlackBerry. Hedikwatarsa tana Waterloo, wani madaidaicin birni a lardin Ontario, kimanin kilomita 100 yamma da Toronto. An kafa shi a 1984, darajarsa a kasuwar hannun jari ta kai ƙololuwa a 2008, ya sauya suna zuwa BlackBerry a 2013, sannan ya daina ƙera wayoyi da kansa a 2016. Abin da ya fi jan hankalin masu nazarin tarihinsa shi ne cinikinsa ya ci gaba da hauhawa har kusan shekara uku bayan kasuwar da ta ɗaukaka shi ta fara juya masa baya, kuma wannan ribar ce ta jinkirta gyaran da ya kamata a yi da wuri.

Asali

Iyayen Mike Lazaridis Girkawa ne mazauna Istanbul, inda aka haife shi a 1961. Yana ɗan shekara biyar suka ƙaura zuwa Kanada, suka zauna a Windsor. Ya shiga Jami'ar Waterloo yana karatun injiniyan lantarki, amma saura 'yan watanni ya kammala, a 1984, ya ajiye karatun ya kafa kamfani tare da abokinsa na ƙuruciya, Douglas Fregin. Aikin kwangila suka fara yi, ciki har da allunan nuna rubutu da suka haɗa wa kamfanin motoci na General Motors. Daga ƙarshen shekarun 1980 suka karkata ga Mobitex, wata hanyar aika gajerun bayanai ta rediyo da kamfanin Ericsson na Sweden ya haɓaka. Hanya ce mai ƙunci, ba ta ɗaukar kaya da yawa, don haka injiniyoyin RIM suka saba da tsimin bayanai da tsimin batir tun daga tushe. Wannan tarbiyya ta bi kamfanin har ƙarshen zamaninsa na ƙera waya.

A 1992 Jim Balsillie ya shigo. Akanta ne, mai digiri na biyu a fannin kasuwanci daga Harvard, kuma sa'an Lazaridis ne a shekarun haihuwa. Ya zuba dala 125,000 a kamfanin, wani ɓangare daga jinginar gidansa. Suka raba aiki biyu: Lazaridis ya riƙe ƙira da injiniyoyi, Balsillie ya riƙe kuɗi da ciniki da hulɗa da kamfanonin sadarwa, kowannensu da muƙamin babban jami'in gudanarwa. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Toronto a 1997, ta Nasdaq kuma a 1999. A Janairun wannan shekarar ta 1999 aka fitar da na'urar farko mai sunan BlackBerry, wadda saƙon imel kawai take aikawa da karɓa. Kiran murya bai shigo ba sai a samfurin 5810 na 2002, wanda ma sai an maƙala abin saurare a kunne kafin a yi magana.

Na'urar da tsarinta

Siffar BlackBerry sananniya ce: ƙaramin allo a sama, cikakkun madannan haruffa a ƙasa, an jera su yadda manyan yatsu biyu za su yi rubutu da sauri, da kuma ɗan jan haske a gefen sama da ke ƙyaftawa da zarar saƙo ya iso. Amma ƙarfin na'urar yana cikin abin da ido ba ya gani. A wancan zamani, duk saƙon da ya tashi daga wata BlackBerry sai ya bi ta cibiyoyin kwamfutocin RIM, a matse shi ya ƙanƙance, sannan a tura shi kai tsaye zuwa wayar mai shi ba tare da ya nema ba. Ma'aikatun da suka girka manhajar kamfanin a ofisoshinsu suna samun ƙarin tsaro, domin ana kulle saƙonninsu da makullin sirri wanda RIM ya sha nanata cewa shi kansa ba ya riƙe da shi. Bankuna da lauyoyi da hukumomin gwamnati suka rungumi tsarin. Ranar 11 ga Satumba 2001, lokacin da layukan salula suka cushe a New York da Washington, saƙonnin BlackBerry sun ci gaba da wucewa, kuma bayan haka aka raba na'urar ga 'yan majalisar wakilan Amurka. Barack Obama ya dage sai da aka bar masa tasa bayan ya hau mulki a 2009.

Ta fuskar kuɗi, tsarin yana da wata falala da sauran masu ƙera waya ba su da ita. A lokacin, kamfanonin sadarwa suna biyan RIM wani kaso duk wata a kan kowane mai amfani da hidimarsa. A shekarar kuɗi ta 2012 wannan kaso kaɗai ya kawo kimanin dala biliyan 4, kuma ribar da ke cikinsa ta fi ta sayar da waya nesa ba kusa ba. Duk wata shawara ta sauya alkibla sai ta yi karo da tsoron taɓa wannan kuɗi.

A 2005 aka ƙara manhajar hira ta BBM. Kowace waya tana da lambarta ta PIN mai haruffa da alƙaluma takwas, kuma manhajar tana nuna wa mai aikawa cewa saƙonsa ya isa, sannan ta nuna an karanta. Wannan ce ta fitar da BlackBerry daga aljihun manyan ma'aikata zuwa hannun ɗalibai da matasa.

Shari'ar NTP

Tun kafin ya yi ƙarfi RIM ya san hanyar kotu. Ya kai ƙarar Glenayre a 2001, ya kai ta Handspring da Good Technology a 2002, duk a kan haƙƙin ƙirƙira. Sai dai shari'ar da ta fi girgiza shi wani ne ya shigar da ita. NTP ƙaramin kamfani ne a jihar Virginia, wanda injiniya Thomas Campana da lauya Donald Stout suka kafa a 1992. Ba ya ƙera komai, dukiyarsa ita ce takardun haƙƙin ƙirƙira da Campana ya samu a kan aika imel ta iska. A Nuwamban 2001 ya maka RIM a kotun tarayya da ke Richmond, gaban alƙali James Spencer.

Hujjar RIM ita ce fasahar ta riga takardun Campana wanzuwa. Domin tabbatar da haka, ɓangarensa ya kawo tsohuwar manhajar wani kamfani cikin kotu, aka aika saƙo da ita a gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Lauyoyin NTP suka nuna cewa samfurin da aka gwada ya biyo bayan shekarun da ake magana a kai. Alƙalin ya umarci a yi watsi da gwajin, kuma daga nan RIM ya rasa amincin kotun. A Nuwamban 2002 aka same shi da laifin keta haƙƙi da gangan, aka yanke diyyar dala miliyan 23.1. A 2003 alƙalin ya ɗaga ta zuwa miliyan 53.7, ya kuma ba da umarnin hana sayar da BlackBerry a Amurka, amma ya jingine umarnin har a gama ɗaukaka ƙara.

RIM ya zaɓi ja-in-ja. Campana ya rasu a 2004 ana tsaka da shari'ar. A Maris 2005 aka sanar da sulhu a kan dala miliyan 450, sulhun ya wargaje kafin a kammala shi. A Janairun 2006 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar. A daidai wannan lokaci ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka yana sake duba takardun NTP yana nuna shakku a kansu ɗaya bayan ɗaya, amma alƙali Spencer ya ƙi jiran sakamakon. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ma sai da ta roƙi kotu kada a katse wa ma'aikatan gwamnati hidimar. Da barazanar rufewa ta tsorata abokan ciniki, ranar 3 ga Maris 2006 RIM ya biya dala miliyan 612.5 aka rufe maganar, wato fiye da ninki 25 na diyyar farko. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka, a shari'ar eBay da MercExchange, Kotun Ƙolin ta yanke cewa samun kamfani da keta haƙƙin ƙirƙira bai wajabta hana shi ciniki kai tsaye ba. Da wannan hukunci ya zo da wuri, da sandar da NTP ya riƙe ba ta yi nauyi haka ba.

Shari'ar ta cinye fiye da shekara huɗu na hankalin shugabannin biyu, kuma ta ƙare saura wata goma Apple ya nuna wa duniya iPhone.

Ƙololuwa da gangara

An bayyana iPhone a Janairun 2007, wayar Android ta farko ta fito a 2008. A ma'aunin injiniyoyin Waterloo, iPhone waya ce mai cin batir, mai ɓarnar data, marar madannai, wadda tsaronta bai kai na ofis ba. A kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan suna da gaskiya. Abin da ba su auna daidai ba shi ne kamfanonin sadarwa za su faɗaɗa hanyoyinsu domin ɗaukar nauyin, masu saye kuma za su yarda su yi caji kullum muddin suna da cikakken intanet da manhajoji a tafin hannu. Duk da haka hannun jarin RIM ya ci gaba da tashi. A ƙarshen 2007 ya taɓa zama kamfani mafi daraja a Kanada, a Yunin 2008 kuma hannun jari ɗaya ya haura dala 140, darajar kamfanin ta wuce dala biliyan 80.

Amsar farko ga iPhone ita ce Storm, wadda aka fitar tare da kamfanin sadarwa na Verizon a Nuwamban 2008. Allonta na shafawa ne, amma an ɗora gilashin a kan maɓalli guda, ta yadda allon gaba ɗaya yake nutsawa ya yi ƙara idan an danna harafi. An so a ba yatsa jin madannai na gaske. Sakamakon shi ne rubutu ya yi nawa, manhajar tana sarƙewa, aka riƙa mayar da wayoyin da yawa. Verizon ya juya ga Motorola Droid a 2009, ya zuba kuɗin tallarsa a kan Android.

A ɓangaren shugabanci ma an shiga tsaka mai wuya. Bincike ya nuna an riƙa rubuta kwanan watan baya a kan damar sayen hannun jari da ake ba ma'aikata, domin ta dace da ranakun da farashi yake ƙasa. A Maris 2007 Balsillie ya sauka daga kujerar shugaban hukumar daraktoci, a 2009 kuma shi da Lazaridis da wani babban jami'in kuɗi suka amince da biyan kimanin dalar Kanada miliyan 77 a sulhu da hukumar kula da hannun jari ta Ontario. Tsakanin 2006 da 2009 Balsillie ya yi yunƙuri uku na sayen ƙungiyar wasan hoki ta ƙanƙara, a Pittsburgh da Nashville da Phoenix, duk ba su yi nasara ba, kuma masu suka sun ƙirga su cikin abubuwan da suka raba masa hankali. A Disamban 2010 mutanen biyu suka haɗa shugabancin hukumar daraktoci da na gudanarwa a hannunsu, wato waɗanda ake sa wa ido su ne shugabannin masu sa idon.

Yaɗuwa a duniya

Yayin da Amurka take suɓucewa, wasu kasuwanni suna buɗewa. Wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Curve 8520 ta 2009 sun samu karɓuwa a Indonesiya, Afirka ta Kudu, Latin Amurka, ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da kuma tsakanin matasan Birtaniya. A Nijeriya, kamfanonin sadarwa sun riƙa sayar da tsarin BlackBerry na wata-wata a kan farashi tsayayye, wanda ya fi sayen data ta hanyar da aka saba araha. Musayar lambar PIN ta zama ruwan dare a jami'o'i da ofisoshi, har masana'antar fim ta kudancin ƙasar ta fitar da BlackBerry Babes a 2011. Farin jinin ya jawo wa kamfanin matsin gwamnatoci: a 2010 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Indiya sun yi barazanar toshe hidimarsa idan jami'an tsaronsu ba su samu hanyar ganin saƙonni ba.

Wannan yaɗuwa ce ta kai cinikin shekarar kuɗi da ta ƙare a Fabrairun 2011 zuwa dala biliyan 19.9, da riba biliyan 3.4, mafi girma a tarihin kamfanin. Masu amfani da hidimarsa sun ci gaba da ƙaruwa har suka kai kimanin miliyan 80 a 2012. Amma a Amurka, rabonsa cikin masu riƙe da wayoyin komai-da-ruwanka ya faɗo daga sama da kashi 40 cikin 100 a farkon 2010 zuwa kimanin kashi 16 a ƙarshen 2011. Shugabannin suna nuna alƙaluman duniya, masu zuba jari suna duban na Amurka, inda ake sayar da wayoyi masu tsada kuma inda masu rubuta manhajoji suke yanke shawarar wa za su yi wa aiki.

Shekarar 2011 da sauyin shugabanci

A Afrilun 2010 RIM ya sayi QNX, kamfanin manhajar sarrafa na'urori da ke Ottawa, domin gina sabon tsari a kansa. Abin da aka fara fitarwa a kai shi ne kwamfutar hannu ta PlayBook, a Afrilun 2011. Ta zo ba tare da manhajar imel tata ba. Mai son karanta wasiƙunsa sai ya haɗa ta da wayar BlackBerry. Ga kamfanin da imel ya gina, wannan gibi ya yi wuyar bayani. A Disamba aka rubuta asarar dala miliyan 485 a kan waɗanda suka yi kwantai.

Sauran shekarar ma ba ta zo da sauƙi ba. A Yuni aka wallafa wata buɗaɗɗiyar wasiƙa da aka danganta ga wani babban ma'aikaci da ya ɓoye sunansa, tana sukar yadda ake tafiyar da kamfanin. Masu hannun jari irin su Northwest & Ethical Investments da Jaguar Financial suka nemi a raba kujerun shugabanci. A Yuli aka sallami ma'aikata 2,000. Ranar 10 ga Oktoba wata babbar na'ura ta lalace a cibiyar kamfanin da ke Slough a Ingila, ta ko-ta-kwana ba ta karɓa ba, saƙonni suka taru suka toshe hanya. Imel da BBM suka tsaya a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, daga baya matsalar ta tsallaka nahiyar Amurka, aka shafe kwana uku zuwa huɗu. Tsarin bi ta cibiya guda, wanda shi ne tushen amincin BlackBerry, shi ne ya mayar da lalacewar na'ura ɗaya ta zama matsalar nahiyoyi. Lazaridis ya fito a bidiyo ya ba da haƙuri. A Disamba wata kotu a New Mexico ta hana kamfanin amfani da sunan BBX da ya raɗa wa sabon tsarinsa, saboda wani kamfani ya riga shi, aka koma BlackBerry 10, aka kuma ɗage fitarwa. Shugabannin biyu suka rage albashinsu zuwa dala ɗaya a shekara. Hannun jarin ya rasa kimanin kashi 75 cikin 100 na darajarsa a wannan shekara kaɗai.

Ranar 22 ga Janairu 2012 suka sauka tare. Thorsten Heins, Bajamushe da ya zo daga Siemens a 2007, ya zama babban jami'in gudanarwa, Barbara Stymiest ta zama shugabar hukumar daraktoci, Prem Watsa na Fairfax Financial ya shigo hukumar. Heins ya ce ba ya ganin buƙatar gagarumin sauyi, kasuwa kuwa ba ta ji daɗin kalaman ba. Balsillie, wanda ya so a buɗe BBM ga sauran wayoyi ta hannun kamfanonin sadarwa, ya bar hukumar a Maris bayan an ajiye shirin nasa. A Yuni aka sanar da rage ma'aikata 5,000, a Satumba hannun jarin ya sauko kusa da dala 6.

Ƙararrakin haƙƙin ƙirƙira ba su lafa ba a duk tsawon wannan lokaci. RIM ya biya Visto dala miliyan 267.5 a 2009, ya sasanta da Motorola a 2010 da Dolby a 2011. Kodak ya kai ƙarar RIM da Apple a 2010, amma bai yi nasara ba. A Yulin 2012 aka yanke wa RIM biyan Mformation dala miliyan 147.2, alƙali ya soke hukuncin a wata mai bi masa. A Disamba ya amince ya biya Nokia. A ɗaya ɓangaren, a 2011 ya shiga haɗakar da ta ƙunshi Apple da Microsoft da Ericsson da Sony da EMC, wadda ta sayi takardun haƙƙin ƙirƙira kimanin 6,000 na Nortel, wani katafaren kamfanin Kanada da ya durƙushe, a kan dala biliyan 4.5.

Bayan waya

An ƙaddamar da BlackBerry 10 ranar 30 ga Janairu 2013, shekara shida bayan bayyanar iPhone, kuma a ranar aka sanar da sauya sunan kamfanin. Tsarin ya samu yabo ta fuskar ƙira, amma manhajojin da jama'a suka saba da su ba su cika ba. A Satumba aka rubuta asarar kusan dala biliyan 1, galibi a kan wayar Z10 da ba ta shiga ba, aka sallami ma'aikata 4,500. Fairfax ya yi tayin sayen kamfanin a kan dala biliyan 4.7, tayin ya rushe a Nuwamba, aka maye gurbinsa da bashin dala biliyan 1. Heins ya tafi, John Chen, tsohon shugaban Sybase, ya karɓa. BBM ta isa Android da iPhone a Oktoban 2013, lokacin da WhatsApp ya riga ya mamaye fagen. Shekarar kuɗi ta 2014 ta ƙare da asarar dala biliyan 5.9.

Chen ya juya kamfanin ga manhajojin tsaro da na motoci. A Satumban 2016 aka daina ƙera waya a cikin gida, aka ba da hayar sunan ga TCL na Sin da wasu kamfanoni a Indonesiya da Indiya. An rufe BBM ta gama-gari a Mayun 2019, aka kashe hidimar tsofaffin wayoyin ranar 4 ga Janairu 2022. A waɗannan shekaru kamfanin ya koma ɓangaren masu karɓa: a 2017 sasanci ya sa Qualcomm ya mayar masa da dala miliyan 940, galibi kuɗin haƙƙi da ya biya fiye da kima, a 2018 ya kai ƙarar Facebook a kan fasahar hira, suka sasanta a 2021. A 2023 ya sayar da takardun haƙƙin ƙirƙira kimanin 32,000 ga Malikie Innovations, ya karɓi dala miliyan 170 a hannu, da yarjejeniyar kason riba da ka iya kai jimillar zuwa miliyan 900.

Dukiyar da aka tara a zamanin bunƙasa ta bar wa Waterloo cibiyoyi masu ɗorewa. Lazaridis ya ba da dalar Kanada miliyan 100 aka kafa Perimeter Institute domin binciken kimiyyar fiziks, ya kuma tallafa wa cibiyar nazarin kwamfutar kwantam a Jami'ar Waterloo. Balsillie ya kafa cibiyar nazarin shugabancin ƙasa da ƙasa a 2001, daga baya ya zama cikin masu matsa wa gwamnatin Kanada ta ɗauki mallakar fasaha da muhimmanci. 'Yan jarida Jacquie McNish da Sean Silcoff sun rubuta tarihin kamfanin a littafin Losing the Signal a 2015, wanda aka mayar fim a 2023. Chen ya sauka a Nuwamban 2023, John Giamatteo ya gaje shi. Ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan kasuwancin BlackBerry a yau shi ne manhajar QNX, wadda take aiki a cikin motoci sama da miliyan 200.